Ƙanena yana ɗaure a Hong Kong, masu bishara ne kaɗai ke ziyartarsa: yaya aikinsu yake, kuma wane ne namu?

Maman Rahila, Agege

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana a cikin Ubangiji. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, amma yau nauyin da ke zuciyata ya kai inda dole in nemi shawarar waɗanda suka fi ni sani.

Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo Legas daga gida yana sana'ar acaba. Da gwamnatin jiha ta hana acaba a manyan sassan birni a watan Yunin 2022, ya shafe watanni ba shi da abin yi sai ɗan dako a kasuwar Mile 12 ranar da ya samu. Wani mutum da ya saba ɗauka a babur ya yi masa alkawarin aiki a ƙasar waje, ya yi masa fasfo, ya biya kuɗin jirgi, sannan ya ba shi jaka ya kai wa wani. A filin jirgin saman Hong Kong aka kama shi da hodar iblis a cikin jakar. Ya amsa laifinsa a gaban kotu, an yanke masa shekaru masu yawa. Ba wanke shi na zo yi ba, domin shi da kansa bai wanke kansa ba. Ya bar mata da yarinya ɗaya, suna zaune tare da ni.

Watan jiya wasiƙarsa ta iso ta akwatin gidan waya na majami'armu. Takarda huɗu ce, ya cika su gaba da baya da ƙananan rubutu, lambarsa ta fursuna tana saman kowace. A shagona na ɗinki na karanta ta, sai da na rufe ƙofa domin kada masu kawo ɗinki su ga halin da nake ciki. Ya ce akwai wani limamin Kirista da wasu masu aikin sa-kai da suke zuwa wurinsu a kai a kai, suna yi musu addu'a, suna koya musu Littafi Mai Tsarki, kuma su ne suka taimaka masa har wasiƙar ta fito. Yaron da ya daina zuwa sujada tun rasuwar mahaifinmu, yau shi ne yake rubuta mini cewa ya tuba ya koma ga Ubangiji. Bai roƙi kuɗi ba. Abu biyu ya roƙa, Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙin da muka tashi da shi, domin ya ce idan ya yi addu'a da Turanci ji yake kamar har yanzu yana tsaye gaban alƙali.

Kwana biyar bayan haka wani mutum ya kira ni a waya ya ce shi fasto ne mai hidima a gidajen yarin ƙasashen Asiya, ya san ƙanena, kuma idan muka tura naira miliyan biyu zai sa a rage masa shekaru. Surukata, matar ƙanena, ta ce mu sayar da filinmu na gida. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Ina roƙo a fahimtar da ni su wane ne masu wannan aikin bishara a gidajen yarin ƙasashen waje, yadda suke aiki, da yadda za a bambance na gaskiya da na ƙarya. Ina kuma son in ji gaskiya, ko da za ta yi mini ɗaci, a kan tuban da mutum ya yi a kurkuku: ana iya dogara da shi? Akwai kuma maganar da ta raba kan kwamitin bishara na ikilisiyarmu. Na roƙi a ware wani abu daga baikon ikilisiya domin masu hidima ga fursunoni a ƙetare, sai wasu dattawa suka ce gidan yarin Kirikiri yana nan kusa da mu ba mu taɓa leƙawa ba, don me za mu tsallake teku. Na rasa amsar da zan ba su.

Baba Fasto mai ritaya, Idi-Araba

'Yata, sannu da wannan nauyi. Ubangiji ya ƙarfafa ki, ya ƙarfafa matarsa da yarinyar.

Zan fara da abin da ba ya jira. Kada ki tura wa wannan mutumin ko kobo, kuma kada a taɓa filin. Mai bishara na gaskiya a gidan yari ba shi da ikon rage hukuncin kotu, kuma ba ya taɓa cewa yana da shi. Wanda duk ya haɗa sunan Allah da farashin sakin fursuna, ɓarawo ne da ya samu labarin hawayenki. Ki tambaye shi sunan gidan yarin da lambar da ke saman wasiƙar, za ki ji yadda muryarsa za ta canja.

Masu aikin gaskiya iri biyu ne a yawancin ƙasashe. Akwai limaman da hukumar gidajen yari ta amince da su, suna da izinin shiga, suna jagorantar sujada, suna ganin fursuna shi kaɗai idan ya nema. Akwai kuma masu sa-kai daga majami'u da ƙungiyoyi, waɗanda ake tantancewa kafin a ba su izini, suna zuwa a ranakun da aka tsara domin nazarin Littafi Mai Tsarki, koyar da karatu ko sana'a, da rubuta wasiƙu. Dukansu ta ƙofar hukuma suke shiga, kuma ba daga iyalan fursunoni suke samun abin tafiyar da aikin ba.

Aikin ba sabo ba ne. A 1813 wata mata Kirista a Ingila, Elizabeth Fry, ta shiga kurkukun Newgate da ke Landan ta tarar da mata da 'ya'yansu a cunkushe suna kwana a ƙasa. Ba da wa'azi ta fara ba, da tufafin jarirai ta fara. Daga baya ta buɗe wa yaran makaranta a cikin kurkukun, ta samo wa matan aikin ɗinki, tana kuma zama tana karanta musu Littafi Mai Tsarki. Tunda ke ma ɗinki kike yi, na ga ya dace ki san cewa allura da zare suna cikin kayan da aka fara wannan hidima da su.

A zamaninmu ƙungiyar da ta fi shahara ita ce Prison Fellowship. Wanda ya kafa ta, Charles Colson, mashawarcin Shugaba Richard Nixon na Amurka ne, mutum mai iko ƙwarai, har abin kunyar Watergate ya kai shi kurkuku a 1974, ya yi wata bakwai a ciki. Da ya fito bai manta da waɗanda ya bari a can ba, ya kafa ƙungiyar a 1976, reshenta na ƙasa da ƙasa ya biyo baya a 1979, yau tana aiki a ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya. Amma abin da ya fi taɓa ni a tarihinta ba Colson ba ne, wata tsohuwar fursuna ce mai suna Mary Kay Beard. Lokacin da take ɗaure ta lura cewa idan majami'u suka kawo wa mata fursunoni sabulu da man goge baki gab da Kirsimeti, matan ba sa amfani da su, sai su adana su su naɗe su ba 'ya'yansu ranar ziyara, domin ita ce kaɗai kyautar da suke da ita. Da ta fito ta fara shirin Angel Tree a 1982, inda ikilisiya take saya wa ɗan fursuna kyauta ta kai masa da sunan mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Ki riƙe wannan, domin yarinyar da ke ɗakinki tana cikin filin wannan hidima ko da ba wanda ya hau jirgi.

A Hong Kong ɗin kanta akwai wani fada na Katolika ɗan Ostareliya, John Wotherspoon, wanda ya daɗe yana ziyartar baƙi da ke ɗaure saboda safarar ƙwaya. Tun 2013 ya fara karɓar wasiƙun fursunoni 'yan Afirka, musamman 'yan Tanzaniya, yana sa su a intanet domin mutanen ƙasashensu su karanta su guji tarkon da waɗannan suka faɗa. Kin ga a nan bishara ta haɗu da ceton waɗanda ba su riga sun ɗauki jakar ba.

Sai maganar tuba. Ba zan ce miki kowane tuban kurkuku na gaskiya ne ba, kamar yadda ba kowane wanda ya fito gaba a taron farkawa a nan Legas ne yake tsayawa ba. Amma Littafi Mai Tsarki bai raina tuban ɗaurarre ba. Bulus yana cikin sarƙa ya haifi Unisimas a cikin bangaskiya, ya kuma rubuta wa Filimon, ubangidan Unisimas, ya karɓe shi a matsayin ɗan'uwa. Mutumin da Yesu ya yi wa alkawarin Firdausi a kan gicciye mai laifi ne da ya amsa laifinsa. A zamaninmu kuma akwai Andrew Chan, ɗan Ostareliya da aka kama a tsibirin Bali na Indonesiya a 2005 saboda safarar ƙwaya. Ya tuba a kurkukun Kerobokan, ya yi karatu, ya zama fasto yana kiwon 'yan'uwansa fursunoni. Tubansa bai sa an yafe masa ba. Ranar 29 ga Afrilu, 2015 aka harbe shi a tsibirin Nusakambangan na Indonesiya tare da mutum bakwai, huɗu daga cikinsu 'yan Najeriya, kuma suna rera waƙoƙin yabo har aka buɗe wuta. Mutumin da ya san ba abin da zai samu a duniya amma ya ci gaba da waƙa, ba domin sabulu yake yi ba.

Game da ƙanenki, alamar da ta ƙarfafa ni ita ce abin da ya roƙa. Mai wasa da hankalin 'yar'uwarsa kuɗi yake nema. Wannan kuwa harshen da mahaifiyarsa ta koya masa addu'a da shi yake nema. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma limamin da ke Hong Kong ba shi da shi a kabad ɗinsa, kuma ba zai iya rera waƙoƙinmu ba. Wannan ɓangaren aikin namu ne.

Tsohon Gandiroba, Ajegunle

Mama, sannu da haƙuri. Baba Fasto, na gode da bayani, amma ina neman izini in tsaya tare da dattawan nan da suka ambaci Kirikiri, domin na yi shekara 35 ina riƙe da makullai kafin in ajiye aiki, kuma abin da idona ya gani ba zai bar ni in yi shiru ba.

A wani gidan yari da na daɗe ina aiki, ranar Lahadi motocin majami'u sukan yi layi a bakin ƙofa tun da safe. Sukan shigo da manyan kuloli na dafa-duka, da sabulu, da silifas, a yi waƙa, a yi wa'azi, a ce wanda zai ba da ransa ga Yesu ya ɗaga hannu, a ƙirga hannuwa, a raba abinci, a ɗauki hoto a bakin ƙofa a tafi. Na san wani yaro da ya ɗaga hannu wa majami'u bakwai a cikin wata biyu. Ban taɓa ganin laifinsa ba, yunwa yake ji, kuma ya lura cewa waɗanda suka fito gaba su ake fara miƙa wa faranti. Majami'un nan bakwai kowace ta koma ta ba da rahoton rai ɗaya da aka ceto, babu ɗaya a cikinsu da ta san sunansa ko dalilin da ya kawo shi.

A wannan gidan dai akwai wata tsohuwa da take zuwa kowace Alhamis ita kaɗai. Ba ta da kula, ba ta da lasifika. Littafin rubutu ne a jakarta, irin na 'yan makaranta, ta rubuta sunan fursuna, da lambar ƙararsa, da kotun da ke da ita, da lambar wayar wani nasa in akwai. Ranar Litinin tana rajistar kotu tana tambayar inda fayil ya kwana. Idan tara ce ta riƙe mutum, takan koma ga zumuntar matan majami'arsu su harhaɗa su biya. Takan yi addu'a da wanda ya so, a tsaye, a taƙaice. Fursunonin da na gani da idona sun sake hali, suka fita ba su dawo ba, yawancinsu ta hannun irin wannan tsohuwa suka bi. Da ta yi rashin lafiya ta yi mako uku ba ta zo ba, Kirista da Musulmi suka riƙa tare ni a tsakar gida suna tambayar lafiyarta.

Ga abin da nake so kwamitinku ya sani. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. A 2019 aka canja wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, amma cunkoson yana nan. A cikin waɗannan masu jira a Legas akwai yaranmu na Arewa da yawa: 'yan acaba, masu dako, masu tura baro, masu jari-bola, da aka kwaso a samame. Wani bai iya Turanci ba, bai iya Yarbanci ba, iyayensa suna wani ƙauye a Kebbi ko Adamawa ba su ma san inda yake ba, wataƙila sun riga sun yi zaman makokinsa. Wa'azin da ake yi masa da Turanci ne ko Yarbanci. Da yawa daga cikinsu sai sun ji ni ina magana da Hausa suke sakin jiki su yi kuka. Mama, halin da ƙanenki yake ciki a Hong Kong, na baƙon da ba mai jin harshensa, shi ne halin waɗannan yara a Kirikiri da Ikoyi da Badagry. Ikilisiyar da ke sujada da Hausa a Agege tana da abin da manyan majami'un Legas ba su da shi.

Ban ce kada a taimaki na ƙetare ba. Cewa na yi nairar da za a canja a aika can ba za ta yi nisa ba, alhali a nan tana iya fitar da mutum gaba ɗaya. Amma ina gargaɗi, in za ku zo, kada ku zo sau ɗaya. Fursuna ya saba da mutanen da suke zuwa su tafi, abin da bai saba da shi ba shi ne wanda ya ce zai dawo kuma ya dawo.

Alhaji mai tumaki, Alaba Rago

Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, kuma na sa baki ne domin wannan jarrabawa ba ta tambayar addini. Baiwar Allah, Allah ya kawo wa ƙanenki mafita, ya ba ku haƙuri. Ɗan yayana ma ya yi shekaru a ɗaure a wata ƙasa, kuma ba zan ɓoye ba, wata mata Kirista ce ta fara sanar da mu cewa yana raye. Har gobe muna yi mata fatan alheri.

Abin da nake so in roƙa shi ne, yaran da tsohon gandiroba ya ambata da yawansu Musulmi ne. Idan kun je, ku tuna cewa ɗaurarre ba shi da ƙarfin cewa a'a kamar wanda ke waje. Ku ba shi sabulu ba tare da kun tambayi addininsa ba, ku kira masa iyayensa ba tare da sharaɗi ba. Wanda ya nemi ku yi masa bayanin addininku, hakkinku ne ku yi. Wanda ya ce liman yake so, ku taimaka a kira masa liman, domin akwai ƙungiyoyin Musulmi da suke shiga gidajen nan. Mu da ku duka mun san labarin Annabi Yusuf, mun san abin da ya ce wa wanda zai fita, cewa ya tuna da shi, kuma mun san an manta da shi har tsawon shekaru. Idan ikilisiyarku ta samu yaro Musulmi da ba a san danginsa ba, ku aiko mana da sunansa da garinsu. A kasuwar nan akwai motocin da ke tafiya kusan kowane lungu na Arewa, saƙo zai isa da yardar Allah.

Barista, Ikeja

Maman Rahila, ina gaishe ki, ina kuma gaishe da iyayenmu da suka riga ni magana. Zan ƙara ɓangaren doka, domin yana kare ki daga masu zamba, yana kuma amsa damuwar Alhaji.

Yarjejeniyar Vienna ta 1963 kan hulɗar ofisoshin jakadanci, a sashe na 36, ta ba wanda aka tsare a wata ƙasa hakkin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, ta kuma ba jami'an ofishin hakkin ziyartarsa da yi masa wasiƙa. Najeriya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Hong Kong, kuma a Abuja akwai hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare. Ki rubuta musu da cikakken sunansa da lambarsa, ki ajiye kwafin kowace takarda. Hong Kong ta soke hukuncin kisa tun 1993, kuma dokarta ta tanadi rage har kashi ɗaya cikin uku na wa'adi ga fursunan da ya nuna halin kirki. Wannan rangwame halinsa ne yake jawo shi, ba a saye, don haka abin da mai wayar nan yake son sayar muku ba nasa ba ne. Game da littattafan, kowane gidan yari yana da ƙa'idar abin da ake karɓa da hanyar da ake karɓarsa. Kafin ki aika, ki tambayi ƙanenki a wasiƙa ko ta gidan waya za a turo ko ta hannun limamin, domin kada a mayar da su.

Maganar Alhaji tana da tushe a doka. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce a ƙa'ida ta 65 ba za a hana fursuna ganin wakilin addininsa ba, sun kuma ce idan fursuna ya ƙi ziyarar wani wakilin addini dole a mutunta ƙin nasa. A Amurka ma an gwada wannan iyaka. Prison Fellowship ta fara wani shiri a jihar Texas a 1997 inda fursunoni suke zama a sashe na musamman ana tarbiyyarsu bisa koyarwar Kirista. Da shirin ya kai jihar Iowa, wata kotun tarayya ta yanke a 2006 cewa biyan kuɗinsa daga aljihun gwamnati ya saɓa wa tsarin mulki. Ni Kirista ne, kuma ina ganin hukuncin ya yi wa bishara alheri, domin da zarar ɗaki mai kyau ko sassauci ya zama ladan karɓar addini, ba wanda zai ƙara sanin wanda ya tuba da wanda ya yi lissafi.

Inda aikin ya yi zurfi, za ki tarar an ɗora shi a kan fursunonin kansu. A Brazil wani lauya, Mário Ottoboni, ya fara ƙungiyar APAC a 1972 a garin São José dos Campos. A gidajen da take gudanarwa babu masu gadi da bindiga, fursunoni ne suke riƙe da makullai, ana kiran kowa da sunansa, kuma ana jawo iyalinsa cikin gyaransa. A kurkukun Angola da ke jihar Louisiana ta Amurka, inda da yawa ɗaurin rai da rai suke yi, makarantar tauhidi ta Baptist da ke New Orleans ta buɗe aji a 1995, waɗanda suka kammala suka zama masu hidima ga 'yan'uwansu, har ana tura wasu zuwa wasu gidajen yarin jihar. Mai ziyara awa biyu yake yi ya tafi, wanda ke kwana a ɗaki ɗaya da mutum shi yake ganinsa da tsakar dare. Idan ƙanenki ya tsaya, yana iya zama wannan mutumin ga wani ɗan Afirka da za a kawo bayansa.

Abu na ƙarshe da kwamitinku ya kamata ya sa a lissafi shi ne ranar fitowa. Baƙon da ya gama wa'adinsa ƙasarsa ake mayar da shi. Wata rana zai sauka a filin jirgin Murtala Muhammed da 'yar jaka, ba aiki, ba kuɗi, da sunan wanda ya yi safarar ƙwaya. Limamin Hong Kong ba zai biyo shi Agege ba. Ko ikilisiya za ta ba shi wurin zama a benci ɗaya da kowa, ko za a riƙa janye jaka idan ya zauna, wannan tambaya ce da dattawa za su fara amsawa tun yanzu.

Maman Rahila, Agege

Baba Fasto, Baba Gandiroba, Alhaji, Barista, na gode, Allah ya saka muku da alheri. Mutumin ya sake kira ranar Talata, na tambaye shi sunan gidan yarin da lambar ƙanena kamar yadda Baba ya ce, sai ya ce zai duba ya kira ni. Har yau bai kira ba, kuma surukata ta janye maganar filin.

Na sayi Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙin, suna nan a naɗe a cikin durowar keken ɗinkina har sai amsarsa ta zo kan hanyar aikawa. Na karanta wa kwamiti dukan amsoshinku ranar Lahadi bayan sujada. An yanke cewa ba za a aika kuɗi ƙetare yanzu ba. Zumuntar mata ta ɗauki kuɗin makarantar yarinyar na wannan zango, kuma kowane wata mutum ɗaya daga ikilisiya zai rubuta wa ƙanena wasiƙa da Hausa. Dattijon da ya fi kowa tsayawa a kan maganar Kirikiri shi ne ya ce a ba shi wata na farko. Alhaji, mun rubuta sharaɗinka a littafin kwamiti yadda ka faɗe shi, kuma za mu neme ka.

Mutum shida ne suka ba da sunansu domin ziyara a nan Legas, huɗu mata biyu maza, ni ma ina ciki. Mun zaɓi Alhamis. Baba Gandiroba, muna roƙon ka faɗa mana ofishin da za mu fara kai takardar neman izini, da abin da ya kamata a rubuta a cikinta, da kuma irin kayan da ba a barin a shiga da su, domin kada a mayar da mu daga bakin ƙofa a ranar farko.